Tankin Makarantarmu da Ya Zama Rana

Malam Zahiri ya dawo daga bitar malaman kimiyya da jaka mai tambari, da biro biyu, da kuma tabbacin cewa duk abin da muka koyar a makarantar nan tun kafuwarta ƙarya ne. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya jera magana uku bai ce "a gani a zahiri" ba. Shi ne malamin kimiyyarmu, kuma shi kaɗai ne. Ni ce shugabar makarantar, ina zangona na ƙarshe kafin ritaya.

Ya shigo ofishina, ya ɗora jakar a kan teburina yadda tambarin zai fuskance ni.

"Hajiya Shugaba, madubin nan namu ne. Ki sa a share masa wuri."

Ƙungiyar malaman kimiyya ce ta sa gasa. Makarantar da ta fi iya koyar da darasi da kayan da ke hannu, ba na saye ba, za a ba ta madubin hangen taurari. Madubin ɗaya ne, makarantu kuwa da yawa.

Ni da kimiyya na fara koyarwa, kafin a ɗaga ni zuwa kujerar sa hannu. Na zana madubin nan a allo har na iya zana shi ido a rufe, amma ban taɓa sa idona a na gaske ba. Ɗalibaina na farko yanzu suna da furfura, su ma zanen alli suka sani. Ina so in bar wa makarantar abu ɗaya da yaro zai taɓa da hannu, kuma ba zan ɓoye ba, ni ma ina so in leƙa. So nake yi irin wanda bai dace da mace mai jikoki ba.

Na ce, "Wane darasi za ka yi?"

"Rana da duniyoyin da ke kewaya ta."

"Madalla. Ka samo tocila da lemo, ka rufe tagogi. Haka na riƙa yi."

Ya dube ni da tausayi.

"Hajiya, abin da ya kashe ilimi ke nan. Ki riƙe tocila a hannun dama, lemo a hagu, yaro ya tashi yana zaton tsakanin rana da duniya kamu ɗaya ne. Ni da ma'aunin gaskiya zan yi. Girma daidai, nisa daidai. A gani a zahiri."

"Zai shiga aji?"

"Aji? Hajiya, kimiyya ta bar aji."

Da na san haka maganar take nufi, da na kulle ƙofar makaranta na haɗiye makullin. Amma da babu gara ba daɗi, kuma ba ni da wani malamin kimiyyar. Na ce ya je ya yi, da sharaɗi ɗaya: ba ɗalibin da zai fita ƙofa.

Washegari na iso na tarar da tankin ruwan makaranta a ƙasa. Tanki ɗaya muke da shi, babba, na roba, kuma tun da aka ɗora shi a kan ƙarfensa bai taɓa saɓa wa kowa ba. Yanzu ga shi kwance a gefensa a tsakiyar fili, an tare shi da duwatsu, Malam Zahiri yana shafa masa fenti ruwan ɗorawa.

"Malam, me ya sauko da tanki?"

"Rana ce."

"Ba ka samu ƙwallo ba?"

"Rana ba ta ƙanƙanta, Hajiya. In alƙalai suka shigo, so nake su ji zafinta tun daga ƙofa."

"Yaran kuma su sha me?"

"A rana ma babu ruwa. Wannan ma darasi ne."

Daga girman tankin komai ya samo asali. Tun da ya zaɓi rana mai girman ɗaki, lissafinsa na gaskiya ya jefa duniya ta farko, Mekuri, wajen katangar makaranta, daidai ƙofar shagon mai aski. Duniyarmu ta faɗa can bayan layi, wajen shagon tela. Zuhal mai zobe ya wuce kasuwa. Ta ƙarshe, Naftun, ta tafi har gadar sama ta bakin gari, wadda daga makarantarmu, da yake muna kan tudu, ake hango ta kamar zare.

Na ce, "To yanzu wa zai riƙe su, tun da yara ba za su fita ba?"

"Al'umma. A bita an ce a jawo al'umma."

Ya jawo ta kuwa. Ya bi shago-shago yana alkawarin cewa duk wanda ya riƙe duniya, shi zai fara leƙa madubi. Na ƙirga daga baya, mutum tara ya yi wa alkawarin zama na farko.

Mai aski ya zo karɓar tasa duniyar da faɗin hannu biyu, sai Malam ya ɗora masa ƙwayar wake a tafi.

"Wannan fa?"

"Mekuri."

"Malam, shekara nawa ina maka aski bashi ban taɓa raina ka ba. Makanike ka ba shi ƙwallo har da zobe."

"Shi Zuhal ne. Kai kuma ka fi kowa gudu. Duk duniyoyin nan ba wanda ya kai ka sauri."

Mai aski ya sake duban waken, ya ga ya ɗan ƙara girma, ya sa shi a aljihu.

Duniya da Wata ya bai wa malamin lissafi da malamin tarihi. Waɗannan bayin Allah ba sa magana da juna tun da suka yi rigima kan kujerar da ke ƙarƙashin fanka a ɗakin malamai. In ɗaya yana son alli, ni yake aika wa. Ma'aunin gaskiya kuwa ya ce tsakanin Duniya da Wata bai kai tsawon hannu ba, kuma dole Wata ya yi ta kewaya Duniya yayin da ita ma take tafiya.

Malamin tarihi ya ce da ni, "Hajiya, ki gaya masa ba zan kewaya shi ba."

Malamin lissafi ya ce, "Hajiya, ki gaya masa ba shi ya tsara sama ba."

Naftun ce ta rasa mai ɗauka, saboda nisa. Na koma gida ina mita, maigidana yana zaune yana shafa wa gwiwarsa man zafi. Ya daɗe da yin ritaya daga gidan waya, kuma gwiwar hagu ta yi ritaya tun kafin shi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Madubin nan shi ne wanda kike zanawa?"

"Shi ne."

"A cikin duniyoyin akwai wadda babu gudu?"

Da aka gaya wa Malam Zahiri, har gida ya zo ya durƙusa.

"Baba, kai ka dace da ita. Naftun sai ta fi shekara ɗari ba ta gama kewayo ɗaya ba. Kai dai ka hau gada ka ɗaga hannu, kada ka motsa. In ka motsa ka ɓata lissafi."

Ya ba shi ƙaramar ƙwallo da ya shafa wa shuɗi. Maigidana ya naɗe ta a hankici, ya ajiye kusa da tabarau ɗinsa.

Aka yi gwaji. Malam ya tsaya kusa da tanki ya busa usur, alamar duniyoyi su fara tafiya. Mai aski ya ji. Duniya da Wata sun ji kaɗan-kaɗan. Daga nan gaba sai a waya, kuma katin wayata aka ƙona.

Ba a jima ba tela ya shigo makaranta da tef a wuya.

"Hajiya, malamanki biyu sun shigo min shago ta gaba sun fita ta baya, ɗaya yana zagaya ɗaya, ba wanda ya yi sallama."

Malam Zahiri ya ce, "Hanyar Duniya ce ta bi ta nan."

"Ta bi ta lungu mana."

"Duniya ba ta kauce wa kowa."

"To ta riƙa cire takalmi. Yadin mutane ne a ƙasa."

Kafin tela ya fita, makanike ya kira. Wurin Zuhal ya faɗa tsakiyar shataletale, kuma mai ba da hannu ya ce in Zuhal bai bar titi ba, a ofishinsu zai kwana, shi da zoben. Malam ya ce a ba shi jami'in. Ya yi masa bayani mai tsawo kan nisan duniyoyi. Da aka mayar wa makanike wayar, ya ce yanzu an ƙwace zoben.

Bayan shagon tela akwai gidan wata tsohuwa, ita ma hanyar Duniya ta ratsa ta tsakar gidanta, ta ƙarƙashin igiyar shanya. Ba ta zo ƙara ba. Ta jira su ne da muciya a zagaye na biyu.

Da yamma Malam ya ce gwaji ya yi kyau fiye da yadda ya zata.

"Malam, an kori Duniya da muciya."

"Ƙananan abubuwa ne, Hajiya. Ko a sama akwai karo."

Ranar gasa ta zo, makaranta ta kusa kwana biyar ba ruwa. Tun da sassafe maigidana ya sa farar rigarsa, ya ɗauki hankicinsa, ya hau mota zuwa gada. Wayarsa kuwa ya bar ta a kan tebur, inda take zama tun ranar da aka saya masa.

Alƙalai uku suka zo, shugabarsu wata dattijuwar farfesa mai tabarau, mai magana a hankali kamar tana awon kalmomi. A bayan motarsu na hango dogon akwati. Sun taho da madubin, don daga wurinmu za su wuce su miƙa shi ga wanda ya ci. Na gaishe su, amma akwatin nake kallo.

An jera ɗalibai a benci sun kewaye tanki. Malam Zahiri ya sa farar rigar ɗakin gwaji da ya aro daga kantin magani, ta tsaya masa a gwiwar hannu.

Farfesa ta zagaya tankin.

"Wannan fa?"

"Rana ce, ranki ya daɗe."

"Na ga famfo a jikinta."

"Kayan da ke hannu ne."

"Haka ne. Ina sauran?"

"Suna wurarensu."

Farfesa ta duba gabas, ta duba yamma. Ɗalibai ma suka duba. Fili fetal, sai tanki da tuta.

"Yaran suna ganinsu?"

"Ba sa gani, ranki ya daɗe. Nan ne darasin yake. Ko a sama ba a ganinsu da sauƙi."

Ya busa usur. Aka zuba ido ana jira. Can sai ga mai aski ya gilma ta ƙofar makaranta da sassarfa, hannu ɗaya a sama. Bayansa wani mutum ne da ƙyalle a wuya, rabin kansa a aske, yana kiran ya dawo ya ƙarasa.

"Mekuri ke nan," in ji Malam.

"Na bayan fa?"

"Ba ya cikin darasi."

Daga bayan layi hayaniya ta taso. Wata ya taka Duniya a ƙofar tela, Duniya ta ture shi, ɗan dutsen adon da ke matsayin Wata ya faɗa cikin gwangwanin maɓallai. Karo na farko ke nan da malaman nan biyu suka yi magana kai tsaye, kuma duk unguwa ta ji abin da suka ce.

Farfesa ta juya ga ɗalibai.

"Yara, me kuka koya a wannan makon?"

Wata yarinya ta ɗaga hannu.

"Mun koyi cewa a rana babu ruwa."

Ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta wani abu, ya daɗe yana rubutawa. Amma Farfesa ba ta da mugunta, ta nemi ta ba shi hanyar fita.

"Malam, tambaya ta ƙarshe. Ita ranar a tsaye take, ko tana juyawa?"

"Tana juyawa a kan kanta."

"Daidai ne. Na gode, ya isa."

"A'a, ranki ya daɗe. A gani a zahiri."

Na ce, "Malam."

Ya sa ƙafa ya ture duwatsun da suka tare tankin, ya dafa shi da hannu biyu.

Na riga na faɗa cewa makarantarmu a kan tudu take. Rana ta juya sau ɗaya a hankali, kamar tana shawara. Ta juya na biyu. A na uku ta yanke hukunci. Ɗalibai suka dare, ta bi ta kan benci biyu, ta shafi motar alƙalai ta bar mata layi ruwan ɗorawa daga gaba har baya. Mai gadi ya buɗe mata ƙofa, don ya ce shi ba a ɗauke shi aikin tare rana ba.

A daidai lokacin mai aski ya kammala zagayensa ya dawo bakin ƙofa. An gaya masa tun farko cewa tsakaninsa da rana akwai tazarar da ba ta canzawa. Ya kiyaye tazarar. Ya miƙe titi yana gudun da ko yana saurayi bai yi ba, rana na biye da shi, mai rabin aski na biye da rana, Malam Zahiri na biye da su duka yana busa usur.

A ƙofar tela tafiyar ta ƙare. Rana ta kwashe rumfar shagon, ta faɗa kwata, ta tsage daga baki har gindi. Duniya da Wata suka fito daga shago riƙe da kwalar juna, suka tarar da ita a gabansu. Tsohuwa ta fito da muciyarta ta tsaya, ta rasa wanda za ta fara da shi.

Kafin mu iso, unguwa ta cika. Tela yana nuna rumfa, iyaye suna tambayar wa zai sayi tanki, makanike ya dawo daga shataletale ba zobe ba ƙwallo, yana tambaya ko an fara leƙa madubin, don shi ne na farko. Mutum takwas suka ce masa ƙarya yake yi.

Malam Zahiri ya gyara rigar kantin magani, ya fuskanci alƙalai.

"Kamar yadda kuka gani, in rana ta bar wurinta, komai ya rikice. Da ma nan darasin ya nufa."

Farfesa ta cire tabarau ta goge. Muka koma makaranta a ƙafa, ni da ita a gaba. A hanya ta gaya min a hankali cewa jiya sun je wata makaranta inda malama ta rufe tagogi, ta kunna tocila, ta ɗaga lemo, yara suka fahimci dare da rana har suna gardama a kai. Can madubin zai tafi.

Na ce Allah ya sanya alheri. Da muka iso, idona ya sake komawa kan akwatin, kuma ta lura.

A bakin mota ta tsaya ta ce da Malam, "Ka ce duniyoyi takwas ne. Ta ƙarshe tana ina?"

Ya nuna gadar sama, can ƙarshen gari.

"Akwai mutum a can yanzu?"

Sai a lokacin na tuna. Rana ta take tsaka, ta gaske nake nufi, kuma ba wanda ya je ya gaya wa maigidana ya sauko.

Farfesa ta ce ƙa'ida ba ta yarda a ba da maki ba sai an ga aiki gaba ɗaya. Ban san ko akwai wannan ƙa'idar ba. Ta sa aka sauke akwatin, aka kafa madubin a kan ƙafafunsa uku, daidai inda tanki ya kwanta. Ya fi na zanena tsawo, kuma akwai wani ɗan ƙaramin madubi a gefensa da ban taɓa sa wa nawa ba. Ta saita shi da kanta, ta daɗe tana murɗa wani abu, sannan ta ja da baya.

"Hajiya, zo ki tabbatar mana."

Na sa ido. Da fari ban ga komai ba sai haske da gashin idona. Sannan gada ta fito, motoci suna wucewa a sama ƙafafunsu na kallon sama. A tsakiyar gadar ga mutum cikin farar riga, kansa a ƙasa, ƙafafunsa a sama.

"A juye yake," na ce.

"Haka irin wannan madubin yake nunawa. Taurari ba su damu ba."

Ya jingina nauyinsa a ƙafar dama, kamar yadda yake yi in gwiwar ta matsa masa. Mutane suna ratsa shi suna waiwaye. Hannunsa ɗaya a miƙe, ɗayan ya tallafe shi a gwiwar hannu don kada ya sauka. Abin da ke tsakanin yatsunsa ban iya ganinsa ba, amma na san mene ne. Na daɗe a wurin fiye da yadda tabbatarwa take buƙata, kuma ba wanda ya ce in matsa.

Suna mayar da madubin cikin akwati, Malam Zahiri ya matso kusa da ni.

"Hajiya, kuskurena ɗaya ne, tankin ya yi ƙarami. Zango mai zuwa hanjin ɗan Adam zan yi, a ma'aunin da yara za su shiga ta baki su fita."

Na ce ya fara da nemo mana ruwa. Sannan na roƙi makanike ya kai ni gada a babur.

Na hau matakalar ina haki. Rigar maigidana ta jiƙe sharkaf, leɓɓansa sun bushe, bai juyo ba sai da na tsaya a gabansa, don an ce kada ya motsa.

"Mun ci?"

"Ba mu ci ba."

Ya ɗaga ido ya dubi ƙwallon da ke hannunsa.

"Ko leƙawa ba su bari kin yi ba?"

"Na leƙa."

"To alhamdu lillahi. Me kika gani?"

"Kai na gani. A juye."

Ya ɗan yi tunani a kan wannan, ya gyaɗa kai kamar wanda aka biya shi haƙƙinsa.

"To, in sauke hannun?"